Idan Otal Ya Yi Kuskuren Farashi a Intanet, Wa Zai Ɗauki Asarar?

A watan Agustan 2009, otal ɗin Crowne Plaza da ke Quarto d'Altino, kusa da birnin Benis na ƙasar Italiya, ya yi niyyar sa rangwamen rabin kuɗi ga baƙon da zai yi kwana biyu, sai aka yi kuskure wajen shigar da farashin a ofishin uwar kamfanin da ke Atlanta a Amurka. Ɗakin da kan kai Yuro 150 ya fito a shafin intanet a kan santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na Yuro. Kafin a farga, kusan mutum 230 sun kama ɗakuna na kwana kusan 1,400. Otal ɗin ya ce zai cika alkawari, ya kuma haɗiye asarar da aka ƙiyasta ta kai Yuro 90,000.

A ganina, abin da otal ɗin ya yi karamci ne da kare suna, ba dole ba ne, domin babu mai hankalin da zai ga ɗakin babban otal a kan santi ɗaya ya ɗauka da gaske ake. Amma ba na so masu otal su mayar da wannan hujjar warware kowane ciniki da suka yi nadamarsa, don yawancin rigingimun da ake yi ba a kan santi ɗaya ake yin su ba.

A dokar Ingila, da ƙasashen da suka gaji tsarinta irin su Najeriya, farashin da aka baje a shafi gayyata ce kawai, ba alkawari ba ne tukuna. Baƙo ne ke yin tayi lokacin da ya zaɓi ranaku ya sa lambar katinsa na banki, otal kuma ya amsa lokacin da ya aiko da saƙon tabbatarwa mai ɗauke da lambar ɗaki ko lambar rajista. Wannan saƙon daidai yake da ɗan kasuwa ya ce “na sallama”: daga nan ciniki ya faɗa, kuma wanda ya sallama ba ya dawowa ya ce albarka don kawai ya sake lissafi ya ga ribar ta yi kaɗan. Shi ya sa otal-otal da shafukan dillalai ke cusa sharaɗi cikin ƙananan rubutun da ba kasafai ake karantawa ba, suna cewa suna da ikon soke rajistar da aka yi a kan kuskure bayyananne.

Kotuna sun daɗe da amincewa da wannan togaciya. A shekarar 1939 wata kotun Ingila ta saurari shari'ar Hartog da Colin & Shields, inda 'yan kasuwa suka yi tayin fatun zomo 30,000 daga Ajantina, suka rubuta farashin a kan nauyin fam maimakon a kan kowace fata, abin da ya rage kuɗin zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai sayen ya san al'adar sana'ar, ya san ba haka ake sayarwa ba, amma ya yi wuf ya amsa. Kotu ta ce ba a ƙulla ciniki ba. Haka aka yi a Singafo bayan da kamfanin Digilandmall ya sa injin buga takardu na dalar ƙasar 3,854 a kan dala 66 a watan Janairun 2003, wasu mutum shida suka yi odar guda 1,606 cikin dare, sannan suka kai ƙara da aka hana su. Sun faɗi a babbar kotu, sun kuma faɗi a kotun ɗaukaka ƙara a 2005. Abin da alƙalan suka duba shi ne ko mai sayen ya san kuskure ne, ba wai ko mai sayarwa ya yi kuskure ba.

A nan ne nake ganin ana yawan zaluntar baƙo. A ce ɗakin da ake biyan dala 200 ya fito a kan dala 90, mace ta gani tana shirin tafiya da 'ya'yanta, ta kama, aka cire kuɗi daga asusunta, saƙon tabbatarwa ya shigo wayarta. Ta yaya za ta san kuskure ne, alhali otal-otal ɗin da kansu ne suka saba wa mutane da rangwamen rabin kuɗi, da garaɓasar sa'o'i kaɗan, da farashin da ke hawa da sauka tsakanin safe da yamma? Masana'antar da ta koya wa jama'a cewa araha mai ban mamaki abu ne da ake samu ba ta da bakin cewa baƙo ya kamata ya yi zargi. Kwamfutar tasu ce, ma'aikacin da ya shigar da lambar nasu ne, kuma su ne ke da ikon sa na'ura ta tsayar da duk farashin da ya faɗi ƙasa da wani mataki har sai mutum ya duba. Wanda ke da ikon hana kuskure shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyinsa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne inda ake fakewa da kalmar kuskure bayan an ga kasuwa ta buɗe, misali wanda ya kama ɗaki a Makka tun watanni kafin goman ƙarshe na Ramadan, ko a garin da za a yi babban wasan ƙwallo, sai kwanaki kaɗan kafin tafiya a soke masa don a sayar wa wani da tsada. Wannan saɓa alkawari ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ko a inda kuskuren ya tabbata, bai kamata otal ya mayar da kuɗi ya kakkaɓe hannu kawai ba. Dokar Jamus ta bai wa wanda ya yi kuskuren rubutu damar warware ciniki, da sharaɗin ya sanar ba tare da jinkiri ba, kuma ya biya ɗaya ɓangaren asarar da ya yi saboda ya dogara da cinikin, sai fa idan shi ma ya san kuskure ne ko ya kamata ya sani. Ma'aikatar sufurin Amurka ta ɗauki irin wannan matsaya game da tikitin jirgin sama a watan Mayun 2015, bayan da kamfanin United ya soke tikitocin da aka saya da araha saboda kuskuren canjin kuɗin Denmak: kamfani na iya sokewa idan ya nuna kuskure ne, amma zai biya fasinja kuɗin da ya riga ya kashe waɗanda ba sa dawowa. Wannan hukunci bai shafi otal ba, sai dai ina ganin adalcinsa ya dace da su.

Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa. Musulunci ya gina halaccin ciniki a kan yardar juna, ya kuma kwaɗaitar da a yi wa wanda ya yi nadama sassauci a warware masa. Wanda ya ga santi ɗaya ya kama ɗaki ashirin, ya kira abokai su ma su kwasa kafin a gyara, ya san babu yardar mai kaya a ciki, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikacin da yatsansa ya zame ne zai rasa aikinsa. Idan otal ya kira irin wannan baƙo washegari, ya ba shi haƙuri, ya mayar masa da kuɗinsa, ya yi masa tayin rangwame na gaskiya, ya kamata ya karɓa. Idan kuwa farashin mai yiwuwa ne, an tabbatar masa, aka kuma yi shiru makonni har ya sayi tikitin jirgi ya nemi biza, to ya ajiye saƙon tabbatarwar da hoton shafin da shaidar cire kuɗi, ya rubuta wa otal ɗin da dillalin da ya bi ta hannunsa, ya nemi ɗakinsa a kan farashin da aka sallama masa, ko a sama masa makamancinsa a wani otal su biya cikon.