Takardu Biyu, Awo Biyu: Girman Ƙarin Gwaggo

Bayan ƙaramar sallar da ta gabata na raka gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Ƙofar Marusa, zuwa asibiti a nan Katsina, saboda wani ƙullutu mai tauri da ta daɗe tana ji a mamanta na hagu ba ta faɗa wa kowa ba. Da aka yi mata sikanin, takarda ta nuna girman ƙarin santimita 1.8 ne. Bayan kwana goma aka ɗauki hoton mamogiram, sai ya nuna 2.3. A bencin jira ta ɗora takardun biyu a cinyarta, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, cikin kwana goma ya ƙaru haka?"

Wannan tambaya ta hana ni barci, har sai da likitar da ke duba ta ta zauna ta yi mana bayani. Ƙarin bai ƙaru ba, kuma babu wanda ya yi kuskure; kowace na'ura da irin ganinta. Sikanin yana aiki ne da sauti, kuma ƙari mai tauri yakan tare sautin ya jefa inuwa a bayansa, ta yadda iyakarsa ta ciki ba ta fita sosai, shi ya sa awonsa ya fi karkata ga ragewa. Ga shi kuma ya dogara da hannun mai riƙe da na'urar. Mamogiram kuwa matse maman yake yi tsakanin faranti biyu ya ɗauki hoto, kuma idan ƙarin yana da jijiyoyi da suka miƙa kamar saiwar bishiya, mai awo zai iya haɗawa da su, adadin ya haura. A wajen mata masu ƙuruciya, waɗanda tsokar mamansu ke da kauri, gefen ƙarin ma yakan ɓuya.

Abin da ya sa rabin santimita ba ƙaramin abu ba ne shi ne tsarin TNM da likitoci ke bi wajen tantance matakin sankara. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba ana kiransa T1, daga sama da 2 zuwa 5 shi ne T2, wanda ya zarce 5 kuwa T3. Takardun Gwaggo sun faɗa ne a ɓangarori biyu na iyakar santimita 2. Girman yana cikin abubuwan da ake dubawa, tare da halin kaluluwar hammata da nau'in sankarar, kafin a yanke shawarar cire ƙarin kaɗai, ko cire maman duka, ko fara ba da magani don ya motse kafin tiyata.

Na tambaya ko mu nemi kuɗin MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Likitar ta ce yana gani fiye da sauran, musamman a nau'in da ƙwayoyinsa ke bazuwa a jere ba sa dunƙulewa, amma shi kuma yakan ƙara wa ƙari girma, kuma a halin Gwaggo ba zai sauya shawara ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar, domin na san iyalan da suka ɓata watanni suna yawon neman sabon hoto daga Katsina zuwa Kano, alhali cutar tana ci gaba da cin jiki.

Awon da ake ɗauka na ƙarshe shi ne na ɗakin gwaje-gwaje, bayan an cire ƙarin an yanka shi an duba a madubin likita. Na Gwaggo ya fito santimita 2.5, gefunan kuma babu ragowar sankara. Yanzu tana karɓar maganinta duk bayan mako uku, ni ce ke riƙe mata takardun uku a cikin jaka guda.