Daga Washington zuwa Cortlandt: bin sawun kiɗan Aaron Copland

Na sauka a tashar Capitol South da hantsi, na taka zuwa ginin Jefferson na Ɗakin Karatun Majalisar Amurka. Shiga kyauta ne, amma sai mutum ya riga ya karɓi takardar shiga ta intanet mai ɗauke da lokacinsa. Abin da ya kawo ni shi ne zauren Coolidge, wani ɗan ƙaramin ɗaki mai kujeru wajen 500, inda aka fara nuna rawar Appalachian Spring, wadda Copland, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya rubuta wa kiɗa, ranar 30 ga Oktoba, 1944.

Ganin dandalin da ido ya warware mini abin da faifai bai taɓa warwarewa ba. Wurin makaɗa matsattse ne ƙwarai, shi ya sa Copland ya rubuta kiɗan don mutum 13 kacal: sarewa ɗaya, kilarinet ɗaya, basun ɗaya, piyano, sai goge guda tara, wato biyolin huɗu, biyola biyu, celo biyu da babban gogen ƙasa ɗaya. Martha Graham ce ta tsara rawar, Isamu Noguchi ya gina dandali. Mafi yawan mutane sun fi sanin gajartaccen zubin 1945 na babbar ƙungiyar makaɗa, amma ni na asali ya fi shiga raina. A cikinsa babu wurin ɓuya. Idan biyolin ɗaya ya ɗan kauce a buɗewar nan mai sanyi, kowa zai ji. Idan mai jagora ya yi garaje, natsuwar asubar da aka gina kiɗan a kanta ta tafi ke nan. Mai piyano kuma dole ya sassauta hannu, in ba haka ba sai ya danne kilarinet, alhali ita ce ke shigo da waƙar 1848 ta 'yan Shaker, wata ɗariƙar Kirista, wadda Copland ya yi ta juya wa kaya.

Takardun Copland suna sashen kiɗa a ginin Madison, tsallaken titi. Sai an yi katin mai karatu tukuna, don haka a je da fasfo.

Washegari na hau jirgin Amtrak daga Union Station zuwa New York, kimanin awa uku da rabi. Nan ne baƙo ke rikicewa: Amtrak a Penn Station yake tsayawa, jirgin da ke bin gaɓar kogin Hudson kuwa daga Grand Central yake tashi. Sai an ratsa gari. A nemi kujerar hagu idan an nufi arewa, don ta nan kogin yake. Bayan kamar awa guda na sauka a Cortlandt.

Gidan Copland, wanda ake kira Rock Hill, yana kan tudu cikin itatuwa. Copland ya zauna a cikinsa daga 1960 har rasuwarsa a 1990. Ba a faɗa masa haka kawai, domin masu tsara kiɗa kan zauna ciki su yi aiki, sai an nemi izini tun kafin a taso. Kada kuma a zo da tunanin nan ne aka haifi manyan ayyukan. Kiɗan rawar Billy the Kid na 1938 ne, na Rodeo na 1942, duk sun girmi zamansa a nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin aikinsa, da manyan tagogin gilashi masu kallon daji, da teburin katako marar ado. Ɗan Brooklyn ne da aka haifa a 1900, ya rubuta kiɗan makiyayan yammacin Amurka alhali shi ɗan birni ne.

A jirgin komawa na sa Fanfare for the Common Man a kunne: ƙaho huɗu, kakaki uku, turombon uku, tuba ɗaya, da ganguna da faifan tagulla. Babu goge ko ɗaya.