Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Ciwon Auta Ya Tashi

Makon jiya na tsaya a inda masaƙar da Baba ke aiki a Kakuri, cikin Kaduna, ta rufe, muka tattara komatsanmu muka koma gidan haya a Rigasa. Rufewar nan har da katin asibitinmu ta tafi. A da, in autanmu ya kwanta, asibitin ma'aikata ake kai shi, ba a neman ko sisi. Daga baya kuwa komai sai an kwance bakin zane, zanen kuma na Inna ne, mai tuyar ƙosai a bakin layi.

Auta sikila ne. Baba AS, Inna AS, wato duka biyun suna ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kuma a zamanin aurensu ba wanda ke maganar gwajin jini. Amosanin jini ake cewa, a nemo saiwa a jiƙa.

Cikin hunturu ne, ga sanyi ba ya ga maciji da mai sikila. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji nishi. Na haska fitila, sai ga auta ya dunƙule a kan tabarma yana cizon filo don kada ya tashe mu. Shekararsa goma sha bakwai a lokacin. Maƙwabcinmu mai keke-napep, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kai mu asibiti.

Kafin a taɓa shi sai da aka miƙo mini takarda: kati, ledar ruwa, sirinji, har safar hannu. Na biya da cinikin ƙosan jiya, kuɗin duk maiƙo. Da nas ta zo, auta ya ɗago idanunsa da suka yi rawaya, ya ambaci sunan allurar da aka saba yi masa. Ta dube shi tun daga silifas har tsohuwar rigar sanyinsa.

"Au, har sunan allurar ka sani? Mun san irinku."

Inna ta ce, "Haba 'yar nan, wallahi tun yana goye yake wannan ciwo."

"Mama, ki zauna. Likita na zuwa."

Awa uku muka yi a kan benci. Muna nan aka shigo da wata yarinya, mahaifinta ya sha shadda, waya a kunne. Kafin ya kashe wayar an shige da ita ciki. Ban yi mata baƙin ciki ba, ita ma ciwo ne ya fito da ita cikin daren. Amma har yau in na tuna yadda auta ya sunkuyar da kai, kunya ta taru masa da azaba, sai zuciyata ta yi nauyi.

Shekaru bayan haka na ba ɗan kawuna labarin, shi da ke aikin jinya a Amurka. Na zaci zai yi mamaki. Sai ya ce, "Yaya, nan ma haka ne." Masu sikila a can sun kai dubu 100, yawancinsu baƙar fata, kuma da yawansu in sun nemi maganin raɗaɗi ana yi musu kallon 'yan ƙwaya. A can launin fata ne ya jawo zargin, a nan silifas ɗin auta. Ya ce a 2023 an amince da sabon magani mai gyara ƙwayar halitta, kuɗinsa dala miliyan 2.2. Na yi shiru ina tunanin Najeriya, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai dubu 150 da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

A koma kan daren. Ana kiran assalatu likita ya iso. Ya ja fatar idon auta, ya ce a yi masa allurar nan take, sannan ya juyo gare ni: jininsa ya yi ƙasa sosai, leda biyu ake bukata kafin azahar. Na kwance ɗaurin kuɗin, naira ɗari uku ce ta rage.

Wanda ya ba da jinin daga Sabon Tasha ya tsallako gada, tsohon abokin aikin Baba ne da rabonmu da shi tun rikicin Kaduna na 2000. Labarinsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.