Tirana, birnin da gida ya riga titi zuwa

Tsakanin filin jirgin sama na Rinas da tsakiyar Tirana, babban birnin Albaniya, kimanin kilomita 17 ne. Tun a hanya mutum yake fara karanta tarihin garin: benaye masu hawa biyu da uku a tsakiyar gonaki, rodi a tsaye a saman rufin siminti yana jiran ranar da za a samu kuɗin ƙara wani hawa, ga tankokin ruwa jere a kan gidaje.

A zamanin mulkin gurguzu da Enver Hoxha ya kafa, wanda ya ruguje a farkon shekarun 1990, ba a mallakar motar kai, ba a kuma ƙaura zuwa birni sai da izinin hukuma. Ƙidayar 1989 ta samu kimanin mutum dubu 240 a Tirana. Da aka saki linzami, jama'a suka kwararo daga tsaunukan arewa, Kukes da Tropoja da Dibra. A ƙidayar 2023 ƙaramar hukumar birnin ta kai kusan dubu 600.

Shi ya sa na fara da Kamza, garin da ke gefen Tirana ta arewa maso yamma, inda a da gonar gwamnati ce. A unguwar Bathore ana ganin yadda abin ya faru daki-daki. Mutum ya zo ya shata fili, ya kafa 'yar rumfar katako, ya kira 'yan uwansa daga ƙauye su kama kusa da shi, daga baya a zuba harsashi a ɗora bulo. Mutumin Kano zai ce awon igiya. Gidajen kansu masu ƙwari ne, da yawa da kuɗin 'yan ci-rani na Girka da Italiya aka gina su. Matsalar tana waje da katanga. Ba wanda ya bar filin makaranta ko na magudanar ruwa, kuma na bi lungunan da motoci biyu ba sa iya giftawa. A ƙarshen shekarun 1990, da Bankin Duniya da wata ƙungiyar masana tsara birane mai suna Co-PLAN suka shigo, aikin farko shi ne lallashin mutane gida-gida su ja katangarsu baya, kafin a samu inda za a binne bututu.

Takarda ta fi titi wuya. Fili ɗaya kan samu masu da'awa uku: iyalan da gurguzu ya ƙwace wa bayan 1945, manomin da dokar 7501 ta 1991 ta raba wa gonar haɗin gwiwa, da wanda ya yi gini a kai. A 2006 aka kafa hukumar ALUIZNI don halasta irin waɗannan gidaje. Mai gida ya kai kansa ya bayyana gininsa, a gwada da hoton da aka ɗauka daga sama, a auna, ya biya kuɗin filin, ita kuma gwamnati ta biya mai filin na asali diyya. A wannan mataki na ƙarshe abin ya fi cijewa, har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 2012 cewa dole Albaniya ta gyara tsarin biyan diyyar.

A unguwar Kombinat, wadda aka gina wa ma'aikatan masaƙa, wata matsalar ce daban. A 1993 gwamnati ta sayar wa mazauna gidajenta ɗakunan da suke ciki a kan kuɗi kaɗan. Kowa ya mallaki ɗakinsa, amma matattakala da rufi da bututun bene suka zama marayu. Wasu suka manna ƙarin ɗaki a jikin benen daga waje, abin da suke kira shtesa. Na ƙasa suka fasa bango suka buɗe shago, alhali a irin waɗannan gine-gine bangon ne ke ɗauke da nauyi. Girgizar ƙasa ta 26 ga Nuwamba 2019, mai ƙarfin 6.4, ta kashe mutum 51, akasarinsu a yankin Durres da Thumane, ta kuma tsattsaga benaye da dama a Kombinat.

Tsakiyar gari ita ce baƙi suka fi sani. Edi Rama, mai zane da ya zama magajin gari a 2000, ya sa aka shafe tsofaffin benaye da fenti kala-kala, aka rushe ɗaruruwan shagunan da suka mamaye bakin kogin Lana. Fentin ya dusashe a wurare da yawa, amma bakin kogin yana nan a buɗe, kuma a ganina wannan ne aikin da ya fi amfani. Dandalin Skanderbeg, da aka sake buɗewa a 2017, an hana motoci shiga. An shimfiɗa shi da duwatsu daga sassan ƙasar, tsakiyarsa ta ɗan tasa kaɗan yadda ruwan da ke ɓulɓulowa zai malala ya rage zafi. A gefensa Masallacin Et'hem Bey yake, wanda aka rufe bayan haramta addini a 1967, jama'a suka koma salla a cikinsa a Janairun 1991. Dalar Tirana, wato gini mai siffar dala da aka yi a 1988 don tunawa da Hoxha, ba a rushe ta ba: an yi mata matattakala har sama, tun 2023 matasa ke koyon kwamfuta a ciki. Tsohon gidan wasan kwaikwayo na ƙasa bai samu wannan sa'ar ba, an rushe shi da asubahin 17 ga Mayu 2020 bayan shekara biyu ana zanga-zangar kare shi.

Abin da ya fi damuna shi ne sufuri. Dogayen benaye na ta tashi kewaye da dandalin, amma birnin ba shi da jirgin ƙasa na cikin gari, tsohuwar tashar jirgin ma an rushe ta a 2013 don tsawaita babban titi. Ma'aikacin da ke kwana a Kamza ko Kombinat bas yake shiga, ita kuma bas ɗin cikin cunkoson ƙananan motoci take rarrafe safe da yamma.