Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hatsin Pitowa da Faɗuwar Sefa

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya sallame ni, na sayi keken ɗinki na kaina, na kama ɗan shago a bakin babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne labarin aurena, amma akwai maganar da ta tokare mini rai, wato rowar da aka liƙa mini a cikin dangi, wadda har yau yaranmu suke ji a bakin iyayensu ba tare da sun san tushenta ba.

Duk wanda ya san gidanmu na Hausare ya san Goggo ce ta riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi wannan riƙo. Kowane dare bayan sallar isha'i takan zube cinikin ranar a kan faifai, ta fara ware kuɗin gyaɗar da za a soya gobe ta ƙulle a haɓar zaninta, ta jefa wani abu a asusun ƙasa da ke ƙarƙashin gadonta, sannan abin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, shi ne na cefane. Idan na yi ƙorafin cewa miyar ba ta da nama, amsarta ɗaya ce: "Ɗan nan, a cire na gobe kafin a ci na yau." Ban taɓa ganin ta taɓa uwar kuɗinta ba, ko a shekarar da ta kwanta ciwon ƙafa, kuma ban taɓa ganin mai bin bashi ya yi sallama a ƙofarmu ba.

Sana'ar tela ta fi kowace buƙatar wannan tarbiyya, domin kuɗinta ba a jere suke zuwa ba. A watan azumi da kwanakin da ke gaban babbar Sallah mutum ba ya barci saboda aiki, haka nan idan kamfanin Sodecoton ya biya manoma kuɗin auduga sai mutanen ƙauye su cika gari da yadi a hannu. Da zarar damina ta sauka kuwa, kowa ya koma gona, sai tela ya wuni yana gyaran tsofaffin wanduna, kuma a daidai wannan lokaci ne hatsi yake tsada, ga kuɗin makarantar yara yana jira a watan Satumba. Na ga teloli da suka fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, masu zuba aska takwas a babbar riga har a yi ta kallo, suna jinginar da kekunansu a watan Agusta saboda kuɗin Sallah ya tafi a tsire da sabon takalmi.

Ni dai abin da na ga Goggo tana yi shi na ɗauka. Kuɗin zare da allura da hayar shago sukan fita tun kafin in lissafa riba. Ba na shiga kasuwa da takardar sefa 10,000, domin na lura duk ranar da aka fasa ta, ba ta sake haɗuwa. Mun kafa adashi mu teloli na layinmu, muna zubi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kuma kullum nakan roƙi a sa kwasata ta faɗo a kan kaka. Ranar Lahadi sai in tafi kasuwar Pitowa in sayi masara da dawa da gyaɗa a lokacin da manoma suke fitar da su da araha, in zuba toka da barkono saboda ƙwari, in jera a ɗakin da na keɓe a bayan gida. Idan masakwa, wato dawar rani, ta shigo daga wajen Marwa a tsakiyar rani, in ƙara da ita. Ragon layya ma tun yana ɗan ƙarami nake saye, ya girma da dusar gidan. Banki kuwa ban kusance shi ba a wancan zamani, domin a ƙarshen shekarun 1980 mun ga bankunan da aka rufe da kuɗin mutane a ciki, mun ga 'yan kasuwa masu mutunci suna zarya da takardu a hannu.

To, a 1990 aka yi sunan ɗana na fari. Na yanka rago ɗaya kamar yadda addini ya tanada, na raba goro, aka ci tuwo aka ƙoshi, amma ban kira makaɗa ba, maroƙan da suka zo da kansu kuma na ba su abin da ya sawwaƙa. Yaya, wanda a lokacin ma'aikacin gwamnati ne mai albashi da babur sabo, ya tsaya a zaure gaban surukaina da abokan sana'ata ya ce, "Kai dai Goggo ta ɓata ka da maƙo. Marowaci ko a sunan ɗansa sai ya nuna hali." Aka yi dariya. Na ce masa, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri," ban ƙara komai ba, saboda girmansa da kuma idon baƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan Goggo da ya ambata, matar da shi kansa ya sha cin tuwonta yana ɗan makaranta, alhali tana kwance a ɗaki a ranar tana jin komai.

Yaran yanzu ba su san 1993 ba. A cikin wannan shekara ɗaya gwamnati ta rage albashin ma'aikata sau biyu, a watan Janairu da kuma Nuwamba, na biyun ya fi na farkon muni ƙwarai. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga labari a rediyo cewa shugabannin ƙasashen da ke amfani da sefa sun zauna a Dakar, kuma daga 12 ga Janairu 1994 an karya darajar kuɗin da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, shadda da magani da shinkafa da kayan gyaran keke, ga azumi saura wata guda. Wanda ya kwana da takardun kuɗi a akwati ya wayi gari ba za su saya masa abin da suke saya jiya ba. Buhunan da ke ɗakina kuwa ko tiya ɗaya ba ta ragu a cikinsu ba.

Idan na tuna wannan sai in dubi jikokina da wayoyinsu. Kuɗinsu yanzu a cikin waya yake, a Orange Money ko na MTN, ba sa ganinsa balle su ji nauyinsa a hannu, ana danna lamba ya tafi. Kowane cirewa da ladansa, tun 2022 kuma gwamnati ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan aikawa da cirewa. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024, amma yaro zai hau babur ɗan haya daga Yelwa zuwa kasuwa, tafiyar da muka yi shekaru muna yi a ƙafa. Na ce da babban cikinsu ya riƙa cire kuɗin mako gaba ɗaya a rana guda, ya raba shi kashi-kashi a gida, ya rubuta kowace sefa da ta fita har da ta katin waya. Na faɗa masa maganar Goggo, a cire na gobe kafin a ci na yau, ya ce, "To, Kaka," amma na ga alamar ya riga ya ji wani labari game da ni a wani wurin.

Wannan wani wurin na san shi. A cikin azumin 1994, bayan an sha ruwa, uwargidan Yaya ta shigo wurin maiɗakina da kwano a lulluɓe a cikin mayafi. Ban bari ta buɗe baki ba. Da asuba na ɗora buhun masara da na dawa a amalanke na aika, na sake aikawa kafin Sallah, haka muka yi ta yi har kaka ta zagayo. Yaransa kuma ni na ɗinka musu kayan Sallah a wannan shekara da yadin da na saya tun kafin faɗuwar kuɗi. Ban rubuta ko tiya ɗaya a littafin bashi ba, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau, domin Goggo ta hana ni gori tun tana da rai. Yaya ya yi godiya, wannan gaskiya ne, ya zo har shago ya ce, "Allah ya saka da alheri." Amma kalmar da ya faɗa a zaure gaban jama'a bai taɓa janye ta gaban jama'a ba har Allah ya karɓi ransa, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa 'ya'yansa suka gaji kalmar, ba su gaji labarin buhunan ba, kuma saboda su nake rubuta wannan kashi da hannuna.

Shaddar da na ajiye tun ƙarshen 1993 da kuɗin adashi, wadda abokan sana'a suka ce na daskarar da jarina a banza, ita ce ta fitar da ni a wannan Sallah, domin na sayar wa tsofaffin masu kawo mini ɗinki ƙasa da farashin kasuwa kuma duk da haka riba ta fito. Da ita na biya rabin kuɗin filin da ke wajen Rumde Ajiya, wanda rigimar iyakarsa da maƙwabci ta kai mu har gaban Lamiɗo. Wannan shi ne zancen mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.