Wata 11 a kan keken Umma: inda gyaran tufafina ya kai

'Yan'uwa masu koyon ɗinki, yau wata 11 ke nan da na ɗaukar wa kaina alkawarin cewa zan shekara ban sayi atamfa ko leshi ko shadda ba, ban shiga anko ba, kuma ban tsaya gaban dilar gwanjo a kasuwar Katako ta nan Jos ba. Abin da na halatta wa kaina kawai shi ne zare da allura da zif da roba da man keke, domin idan babu su babu aikin. Na ga ya dace in rubuta inda na kai kafin shekarar ta cika, musamman saboda waɗanda muka fara koyo tare, waɗanda suke yawan tambayata ko har yanzu ina kan bakana.

Da farko, idan aka tambaye ni dalili sai in ce tsadar kaya ce, kuma ba ƙarya na yi ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, turmin atamfa ya zama abin da mace za ta yi lissafi kafin ta taya. Amma akwai dalilin da ban cika faɗa ba. Bayan haihuwata ta uku na zazzage akwatunana na ƙirga ɗinki 23, sai na tarar 6 ne kawai suke shigata ba tare da na riƙe numfashi ba. Sauran na ninke su ne da sunan sai na rame, kuma duk lokacin da biki ko Sallah ya taso sai in sayi sabon turmi, don kada in buɗe akwatin in ga abin da yake jirana a ciki.

Keken da nake aiki da shi na Umma ne, baƙin Butterfly na ƙafa, wanda ya daɗe a lulluɓe da tsohon zani. Watan farko gaba ɗaya a kan rigimarsa ya ƙare. Na sauya igiyarsa, na ɗiɗɗiga masa mai, sannan na yi kwanaki ina zargin bobin, wato ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, saboda zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin ƙyalle, ashe laifin na zaren sama ne da ban ratsa shi ta tsakanin faya-fayan matsi ba. Duk wadda ta ga haka ta fara duba sama kafin ta kwance ƙasa. Allura lamba 14 nake sa wa atamfa, lamba 11 ga yadi mai laushi irin na mayafi, lamba 16 kuma ga abu mai kauri.

Ranar da aikin ya soma taɓa ni ita ce ranar awo. Antin da take koya mini, wata tsohuwar tela a unguwarmu ta Rikkos, ta zagaya tef a ƙuguna, ta tsaya, ta ɗago kai ta ce: "Ƙanwata, saki cikinki. Da wannan rigar za ki ci tuwo, da ita za ki yi ruku'u da sujada." Sai a lokacin na lura cewa na shanye cikina ban ma sani ba, kuma haka nake yi a gaban kowane tela shekara da shekaru. Ma'ana, awon da yake rubuce a littattafan telolin da na yi mu'amala da su awon wata mata ce da ba ta numfashi, kuma ni da kaina na ba su shi, sannan in koma gida in yi fushi da jikina don riga ta matse ni. Da na saki cikin, bambancin ya kusa inci 3. Anti ta sa na zauna a kujera ta sake auna mazaunai, domin jiki yana bajewa idan an zauna, ta kuma ƙara inci 2 a kan awon ƙirji, tun da atamfa auduga ce da aka saƙa, ba ta miƙewa kamar yadin roba.

Daga nan na shiga buɗa riguna, kuma a nan ne na gane cewa teloli iri biyu ne. Akwai wanda yake barin alawans, wato rarar yadin da ke bayan ɗinki ta cikin riga, na inci guda ko fiye a kowane gefe, akwai kuma wanda yake datse shi har ya kusa kai bakin ɗinki, ya bi shi da injin wibin, mai daje bakin yadi, don cikin rigar ya yi kyan gani. Na farkon ya san cewa mace tana haihuwa, tana jego, tana azumi, tana ciwo ta warke, shi kuwa na biyun ranar biki kawai ya ɗinka wa. Lissafin buɗawar mai sauƙi ne amma yana ruɗar mai koyo: kowane gefe ƙyalle biyu ne, na gaba da na baya, saboda haka idan kika matsar da ɗinki da rabin inci a dama da rabin inci a hagu, inci 2 kika ƙara wa rigar, ba inci guda ba. Rigar farko da na buɗa ban yi wannan lissafi ba, ta fito kamar ta aro. Sawun tsohon ɗinki yana ɓacewa a atamfa idan aka yayyafa ruwa aka bi da dutsen guga mai zafi, amma a shadda ramukan allura suna nan daram, don haka a yi tunani sau biyu kafin a farke ta.

Rigunan da ba su da alawans sun fi ba ni wahala, su ne kuma suka fi koya mini aiki. Tun da na hana kaina sayen yadi, dole in nemo ƙari daga cikin ɗinkin kansa, wato daga ɗankwali, ko daga bakin zani na ciki, wanda ake fara naɗawa kuma ba mai ganinsa. Ina yanko dogon ƙyalle in sa a gefe tun daga hamata har ƙasa, in yi ƙoƙarin haɗa zanen da na jikin rigar. Inda hannu ne ya matse damtse, ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hamata yana warware matsalar, har mace ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali ba tare da rigar ta biyo ta sama ba. Sau ɗaya na yanko ƙarin a karkace don in tsimi yadi, bayan wanki ya miƙe ya murɗe, gefen rigar ya fi tsakiyarta tsawo. Asarar da ta fi yi mini ciwo kuwa ita ce ta wata Holan daga cikin kayan lefena, wadda reza ta zame mini a kanta ta tsaga gaban rigar wajen inci 4. Na yi mata faci, amma ni na san wurin. Tun ranar na daina farke ɗinki da dare ko ina sauri. Duk da haka dole in yaba wa atamfar ta kamfanin Vlisco, wanda yake garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, domin ta jure farkewa sau uku ba ta zare ba, alhali wata mai araha da aka gauraya da roba ta soma zarewa tun a karon farko.

Umma ta zo ta same ni wata rana ina wannan fama, ta zauna tana kallo, can ta ce: "Ke 'yar nan, ni dai ban taɓa jin an ce zani ya yi wa mace kaɗan ba." Na yi dariya, amma maganar ta kwana da ni. A akwatinta akwai zannuwan da ta saya a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar watan Fabrairu na 2002, wasunsu ma saƙar masaƙun Kaduna ne tun suna aiki, kuma da su ta yi goyon ciki, da su ta yi jego, da su take zuwa suna har gobe. Yadi 2 ne, ka naɗa shi yadda jikin ranar ya nema. Rigarta buba ce mai faɗi, ba dat, wato ɗinkin tsuke riga ta bi jiki, ba zif. Mu ne muka ɗauki turmi mai yadi 6 muka yayyanka shi siket da riga mai shef, muka ɗaure kanmu da awon rana ɗaya. Ba ina cewa a daina shef ba, ni ma ina son sa, amma siket 3 na warware na mayar da su masu roba da igiya a ƙugu, kuma su na fi sawa yanzu.

Jarrabawar da na fi jin tsoro ita ce bikin 'yar yayar maigidana da aka yi a Bukuru bayan Babbar Sallah. Na je tun da wuri na ba uwar amarya haƙuri a kan anko, na kai gudummawata, ta ce ba komai, ko da yake fuskarta ta ce akwai. Na sa tsohon leshina da na buɗa. A wuni guda wata ta ce mini hutu ya karɓe ni, wata ta ja ni gefe ta raɗa mini sunan shayin rage tumbi, kuma a tabarmar da muke zaune na ji ana yi wa wata siririyar yarinya tallan sha-ka-fashe don ta ciko kafin aurenta. Na dube ta, na dubi kaina, na rasa wane jiki ne ake so a kawo wurin. Haka lambar da ke wuyan rigar gwanjo take: abin da Ingila ta rubuta wa 16, Amurka 12 take rubuta masa, riga ɗaya jiki ɗaya, amma na sha barin mai kyau a kan dila don lambar ta ba ni kunya.

Ba zan ce muku na gama sulhu da madubi ba. Akwai safiyar da nake tsayawa in ga tumbin nan in ji ba daɗi, kuma ina tafiyar ƙafa da yamma saboda gwiwata da hawan jini da yake cikin danginmu. Abin da ya sauya shi ne yanzu awona na gaskiya yana rubuce da alli a jikin ƙofar ɗakin ɗinki, inda kowa zai gani, kuma idan ya ƙaru ko ya ragu sai in goge in gyara. Daga cikin 17 da ba sa shigata, na gyara 11, na ɓata 1, saura 2 a kan layi. Guda 3 na lokacin amarci ne, waɗanda suke buƙatar fiye da inci 6, kuma na daina yi musu alkawari, na wanke na goge na ba 'yar ƙanwata.

Abin da ya gagare ni har yanzu shi ne ɗora hannu. Kan hannun yana ɗan fin ramin kafaɗa faɗi, kuma sai an rarraba wannan rarar a hankali, amma nawa kullum sai ya tattare a baya kamar bakin jaka. Anti ta ce in riƙa bin kan hannun da dogon ɗinki layi biyu, in ja zaren kaɗan, in kafa da allurar hannu kafin in hau keke. Zan gwada wannan a aikin watan ƙarshe, domin sanyin Jos ya fara shigowa kuma suwaitata ta mutu a gwiwar hannu. Na warware tsofaffin siket 2 da wani bargon jarirai da ya sha wanki, ina son in haɗa jaket mai shafi, bargon a tsakiya. Ban tabbata keken Umma zai ratsa kauri uku a wajen kafaɗa ba ko da allura lamba 16, don haka duk wadda ta taɓa ɗinka irinta a keken ƙafa ta gaya mini ko sai na rage bargon a bakin ɗinki.