Babi na huɗu da nake so in yage daga littafina

Shekara 11 ke nan ina ba 'yan kasuwa shawara a Kumasi, tun da na gama karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST. Yawancin aikina a unguwannin Aboabo da Asawase da Alabar yake: in duba littafin ciniki, in raba wa mutum jari da riba, in shirya masa takardun harajin GRA, hukumar tara haraji ta Gana. Na kuma rubuta ɗan littafi don masu ƙananan shaguna, kuma babinsa na huɗu har yau yana ci mini rai.

A 2022 abin ya faru. Kowa a Gana ya san wuyar shekarar nan. Dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba, ga harajin E-Levy na kashi 1.5 da aka ɗora wa MoMo, wato tura kuɗi ta waya, tun watan Mayu. Wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina, dilan shinkafa da wake, ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini littafin bashinsa, tsoho, an ɗaure shi da roba, gefensa duk ya yi baƙi saboda shafa. Sunayen mata masu dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, ne cike a ciki. Su ɗauki buhu, su biya bayan sati uku ko huɗu.

Na zuba lissafin a kwamfuta, na ga kafin su biya, kuɗin ba ya iya sayo buhun da suka ɗauka. Na ce, "Baba, a tsayar da bashin nan gaba ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, matan nan tun kana goye suke saye a wurina." Na sake nuna masa lissafi. Ya amince, don yana ganin girman mahaifina da karatuna.

Lissafina daidai ne, amma ban je wurin ko ɗaya daga cikin matan ba. Ko ɗaya! Cikin wata biyu suka koma wani dila a wajen kasuwar Kejetia, suka tafi da 'yan'uwansu masu saye kuɗi hannu, da cinikin biki da na suna. Ranar da na shiga siton Alhaji na tsoma hannu a buhun wake, na ciro shi da gari da ƙwari, sai da cikina ya juya.

Daga baya na je wurin wata Hajiya daga cikin matan bayan sallar asuba, tana jefa karan dafi a tukunya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, da an ce mu riƙa biya duk Juma'a, ko a yi mana farashin ranar biya, da mun yi. Amma a wayi gari a nuna ba a yarda da mu ba?" Maganin ke nan ta faɗa mini a tsaye, ba ta da ko takarda a hannu: a rage kwanakin bashi, a daidaita farashi, a bar amana a inda take. Tambaya ɗaya da na yi mata tun farko da ta wadatar.

A lokacin littafin ya riga ya fito daga maɗaba'a, kwafi 500, babi na huɗu yana cewa a rufe ƙofar bashi idan farashi na hawa. Yanzu duk kwafin da zan sayar sai na saka masa takardar gyara da hannuna. Matasan da ke son wannan sana'a kuwa, ina gaya musu su zauna a benci a shagon mutum kwana uku, su san wa ke shigowa, kafin su buɗe kwamfuta.

Alhaji bai taɓa ɗora mini laifi ba, wannan ma ya fi zafi. Wasu matan sun dawo da muka koma biyan Juma'a. Hajiya ba ta dawo ba. Nakan tsaya in sayi waakye a wurinta, mu gaisa da mutunci, amma buhun da ke jingine a bayanta tambarin wani shago ne a jikinsa.